Haɗin da Gwaggo Ta Gano a Takardata

Rannan jikata, wadda ke karatu a jami'ar garin nan, ta shigo da littattafanta ta zauna a gefen tabarmata, wai ɗakina ya fi ko'ina shiru. Jarrabawar lissafi ce a gabanta, irin wanda suke kira kalkulas. Ina kallo ta danna 'yan lambobi a waya, kafin in gyara zama sai ga layuka biyu sun fito a gilashin, ɗaya ya lanƙwasa ya yi sama, ɗaya ya lanƙwasa ya yi ƙasa, tsakaninsu fili. Ta dube su da wutsiyar ido, ta kwafa a takarda, ta wuce tambaya ta gaba tana taunar cingam. Amma ni na san layukan nan sanin da na yi wa hanyar kogi. Mako uku cur na wani hutun damina suka cinye mini, a zamanin da Turawa ba su tafi ba tukuna, ni kuma ina budurwa mai yawan kallon gajimare.

Abin da ya fi tsaya mini ma shi ne shirun da ta ce ta samu. Gidan da na tashi a ciki bai san shiru ba, sai dai ƙarar tasa ba irin ta yanzu ba ce, ta babura da injin wuta da waƙar da ke tsiyayowa daga aljihun kowa. Da sassafe turmi ne ke fara magana, daga gidanmu a amsa a gidan maƙwabta, har ka iya gane wace ce ke daka daga yadda take tafa hannu tsakanin saukar taɓarya. Sai muryar masunta suna haurowa daga bakin ruwa, da kukan shanu idan ranar kasuwa ta kusa. In hantsi ya yi aka gama aikin wuta, sai gida ya koma hannun auduga. Wannan tana gurza, ƙarfe yana ƙara a kan dutse, angurya tana zubowa. Waccan tana shiɓar audugar, tsirkiyar baka tana ɗan kuka. A ƙarƙashin duk wannan kuma akwai sautin mazari yana juyawa a cikin ƙoƙo, siriri, ba ya yankewa, kamar ƙudan zuma ya shiga tulu. Yau in ka zagaye unguwarmu kaf ba za ka ji shi ba. Ni kaina ban san ranar da ya daina ba. Na dai waiwaya wata rana na tarar babu shi.

A gidanmu Gwaggo Hanne ce uwar kaɗi. Yayar mahaifina ce, mijinta ya rasu ta dawo gida, kuma ita ta raine ni tun ina rarrafe. Doguwa ce siririya, yatsunta kullum fari fat da allin kaɗi, bakinta kuwa ba ya raga wa kowa. Ina da shekara shida ta damƙa mini mazari. Ba kaɗin ta fara koya mini ba, haɗi ta fara koya mini. Ta ce kowace yarinya zarenta yana tsinkewa, abin da ke raba mace da mace shi ne yadda take mayar da shi. Ba a ƙulli, ƙulli aikin raguwa ne, masaƙi yana jin sa a yatsa ya yi tsaki. Sai dai ki nemo bakin zaren, ki ɗan warware shi, ki kwantar da shi a jikin audugar, ki murza a hankali har su shige cikin juna. Kuma ba a tashi a bar zare a tsinke, ko kiran abinci aka yi. In na tashi na bar shi, sai ta kamo gefen zanena ta zaunar da ni ba tare da ta ko ɗago kai ba. Na ƙware a haɗin nan har ya zama abin alfaharina. Masaƙin da ke karɓar zarenmu yakan ja shi tsakanin yatsunsa ido rufe yana neman inda na haɗa, ya rasa, Gwaggo ta ce masa ya ci gaba da nema, rana ba ta faɗi ba tukuna.

Da wannan hannun na tafi makarantar kwana ta 'yan mata a Kano. Mahaifina malamin asibiti ne a ƙaramin ɗakin shan magani, shi ya tsaya sai na yi karatu. A can aka san ni da tsabtar rubutu da son waƙoƙi, da kuma zama a bakin taga ina kallon abin da babu. Ban taɓa zaton lissafi zai neme ni ba. Wata malama Baturiya, wadda muke kira Mai Keke saboda ba a ganinta a ƙasa sai a aji, ita ta ware mu uku tana ba mu darasi na daban bayan la'asar. Ta ce in mun yi ƙoƙari za ta sa sunayenmu a wata jarrabawa da takardunta ke zuwa daga ƙetaren teku, wadda ke buɗe wa mutum ƙofar karatu mai zurfi. Wadda ba ta shiga ba za ta gama tare da kowa, a ba ta ajin ƙananan yara ta koyar, shi ke nan. Ni kuwa na riga na ɗanɗana. Akwai wani daɗi da nake ji idan na saka ɗigo-ɗigo a takarda mai ƙananan gidaje, na bi su da fensir, siffa ta fito wadda ban san tana ɓoye a cikin lambobin ba. Ji nake kamar na ja zare daga cikin auduga.

Muna tafiya lafiya har muka iso wani aiki. Aka ce a ɗauki lamba, a ɗebe mata biyu, a raba ɗaya da abin da ya rage, a saka amsar a takarda, a sake da wata lambar. Na yi. Daga hagu ɗigona suka taho suna gangarowa ƙasa, a kan ɗaya da rabi amsar ta kai biyu ƙasa da sifili. Daga dama suka taho suna hawa, a kan biyu da rabi amsar ta kai biyu a sama. A kan biyu daidai kuwa sai na ga an ce in raba ɗaya da sifili, na ce a raina ai abin da aka raba wa babu, babu ne, na rubuta sifili. Na dubi takarda na ga zare biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, bakinsu a sake. Hannuna bai ko yi shawara da ni ba. Na lanƙwaso na ƙasan, na bi da shi ta kan sifilin nan, na kai shi ga na saman, na shafe wurin da kyau har ba a gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Na miƙa ina jiran yabo.

Mai Keke ta zagaye haɗin nawa da jan alƙalami. Ta yi bayani mai tsawo da Turancinta mai gudu, ta ambaci wata kalma, asimtot, ta ja wani layi a tsaye a allo. Ta tambaya ko mun gane. Abokan karatuna biyu suka ce sun gane, ni ma na gyaɗa kai, don kunyar a ce ni kaɗai ce ban ji ba. Abin da na ɗauka shi ne haɗin bai yi kyau ba. Aiki na gaba na ƙara masa santsi, ta sake zagaye shi. Na uku ma haka. Ranar da za a ba da hutu ta tsayar da ni a bakin aji, tana riƙe da kekenta, ta ce mini a hankali, yadda zan ji kowace kalma, ranar da muka dawo za ta gwada mu, in na sake yin wannan abu ba za ta sa sunana ba. Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma faɗan ta yi.

Na iso garinmu Wudil kogi ya cika ya batse, gero ya kai ƙugu, gari yana ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙiya. Na tarar mahaifina ya riga ya gaya wa abokan hirarsa na zaure cewa 'yarsa za ta rubuta jarrabawar da ake kawowa a jirgin ruwa. Duk wanda na durƙusa na gaisar, bayan ya tambayi hanya da gajiya da mutanen Kano, sai ya ƙara da addu'ar Allah ya ba da sa'a a jarrabawar jirgi. Ni kuma sai in amsa da amin in wuce. Na kai wa mahaifina takardar wata rana bayan ya dawo daga aiki. Ya sa tabarau, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ce shi lissafinsa bai wuce cokali nawa sau nawa a rana ba, amma a ganinsa zanen ya yi kyau ƙwarai. A duk garin ban san wanda zan tambaya ba. Yaran yanzu ba za su gane wannan irin kaɗaici ba, su da amsa ke kwance a tafin hannunsu. Mu a lokacin in abu ya shige maka duhu, kai da shi ne, sai ka ɗauke shi ka je rijiya da shi, ka dawo da shi, ka ci tuwo yana zaune a gefenka.

Kullum in an gama aikin safe sai in shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Gwaggo, inda rumfa ke tare yayyafi, in kwanta rub da ciki da takarduna. Ita tana kaɗi, ni ina zane ina gogewa. Takardu shida masu gidaje aka ba ni, damina ta sa duk sun yi laushi, ga shi na goge wuri ɗaya har ya kusa hujewa. Gwaggo ta sa mini suna Malama Ƙarama. Takan ce wa matan gida su yi magana a hankali, Malama Ƙarama tana rubuta wa Sarkin Ingila wasiƙa. Wani lokaci in bar fensir in bi ɗigon ruwa da ido yana gangarowa daga bakin rumfa, in shiga tsara baitoci a zuci, sai in farka in ga rana ta yi tsaka ban ci gaba da komai ba. Haka mako uku suka wuce.

Wata ranar Laraba da hantsi, an kwana ana ruwa an wayi gari da rana mai taushi, na gama wani sabon haɗin da na tabbata babu mai iya kushe shi. Na ɗaga takardar ina dubawa. Sai na ji mazari ya tsaya. Gwaggo ta miƙo hannu ta ce in ba ta ta ga abin da ya hana ni cin abinci da mutane. Ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, a juye ma ta riƙe takardar. Ta nisanta ta da idonta, ta bi layin da farcen babban yatsa tun daga gefe, a hankali, kamar yadda masaƙin nan ke yi wa zarena. Da ta iso tsakiya sai farcen ya tsaya, ya bar ɗan farin alli a wurin.

Ta ce, “Nan kika yi haɗi.”

Na ce haka ne, na tambaye ta ko ya fito da yawa ne. Ta ce haɗin kam ya yi kyau, ita ta koya mini, ba za ta kushe aikinta ba. Amma wannan zaren ga inda ya nufa, ta nuna da yatsa, na murɗe masa wuya na juyo da shi. Wancan ma ga inda ya nufa, shi ma na murɗe shi. Zaren da ya tsinke, in ji ta, bakinsa biyu suna kallon juna, suna neman juna, kai dai taimaka musu kake yi. Waɗannan kuwa kowa gabansa yake kallo.

Sannan ta ce, “Kin ma nemo bakinsa kuwa?”

Na nuna mata ɗigona na ƙarshe, na kan biyu da rabi, na ce ga shi nan.

“Wannan ba bakinsa ba ne, Malama. Nan ne dai kika gaji kika tsaya.”

Ta miƙo mini takardar ta koma kan kaɗinta, kamar ba ta faɗi komai ba. Ni kuwa na zauna na ƙura wa ɗigon ido. Gaskiya ne, ban taɓa matsawa kusa da biyu fiye da rabi ba, don a aji rabi-rabi muke tafiya. Na juya bayan wata tsohuwar takarda na ɗauki biyu da ɗigo ɗaya, wato biyu da kashi ɗaya cikin goma. Na ɗebe biyu, na raba, amsa ta ba ni goma. Na ƙirga gidaje goma sama, sai na ga na fita daga takardar, fensirina yana kan tabarma. Na ƙara matsawa, kashi ɗaya cikin ɗari. Amsa ɗari. Na auna da tafin hannu, ɗigon ya wuce tabarmar ya faɗa cikin taɓon tsakar gida, inda kaji ke tono. Na ce wa Gwaggo bakin zaren ya kai wurin kaji. Ta ce in bi shi mana, me nake jira.

Na bi shi. Kashi ɗaya cikin dubu ya kai shi bakin zaure. Na ƙara sifili ɗaya, ya wuce masallacin unguwa. Na ƙara wani, ya gangara bakin ruwa inda mata ke wanki. Ina faɗa mata tana gyaɗa kai, mazari yana juyawa, ta ce in ya ga masu fito ya gaishe su. Na ƙara wani, ya haye kogi ya yi nisan da ban san sunayen ƙauyukan wurin ba. Kuma duk wannan tafiyar, a takarda bai matsa gefe ba sai da ƙyar, yana ta kusantar biyu, kusantar da ido ba ya gani, amma bai taka ta ba. Duk sifilin da na ƙara, akwai wurin ƙara wani. Na koma ɗaya zaren, na hagu, na matso da shi ta ɗaya da ɗigo tara. Shi kuma sai ya bi ta bayana, ya ratsa ɗakin Gwaggo, ya tsallake danga, ya shiga gonakin gero ya yi ta tafiya. A nan ne na ga wautar sifilin da na rubuta a kan biyu. Yaya za a yi abu yana ƙaruwa dubu, dubu goma, dubu ɗari, sannan a ce da ya iso ya zama babu? Ba sifili ne a wurin ba. Babu amsa ne sam. Layin da Mai Keke ta ja a tsaye a allo, wanda na ɗauka ado ne, shi ne wurin da ba a takawa.

Na ce, “Gwaggo, ba shi da baki. Duka biyun ba su da shi.”

Ta ce, “To, ke da ɗan guntun fensirinki kika ce sai kin ɗaura wanda ya haye kogi da wanda ya shige dawa? Ai ba tsinkewa suka yi ba. Zare biyu ne, kowa da mazarinsa. Bar su.”

Na kwanta rigingine a tabarmar na yi ta dariya, hawaye yana gangara mini cikin kunne. Matan gida suka leƙo, Gwaggo ta ce kada su damu, Sarkin Ingila ne ya aiko da amsa. Ban taɓa jin nauyi ya sauka daga ƙirjina irin na ranar ba. Sararin sama ya yi mini faɗi, na ji kukan kowane tsuntsu daban. Sauran hutun na yi shi ina ƙirƙiro wa kaina tambayoyi. Na koyi in fara duba lambar ƙasa, wadda ake rabawa da ita, kafin komai, in tambayi kaina wace lamba ce za ta mayar da ita sifili, in ja layi tsaye mai tsinke-tsinke a wurin da rula, sannan in leƙa ta hagunsa in leƙa ta damansa in ga ina kowane zare ya nufa. Abin da ya fi wuya shi ne ɗauke hannu. Fiye da shekara goma ana koya wa yatsuna kada su bar abu a rabe, yanzu ina roƙonsu su bari.

Washegarin komawarmu makaranta, bayan la'asar, Mai Keke ta jingine kekenta ta shigo da takardu uku. Tambaya ɗaya ce. A wannan karon lambar ƙasa ita ce a ninka lamba da kanta a ɗebe tara. Nan da nan na ga uku, na ja layina na tsaye, na ji daɗi. Ina cikin cika jerin amsoshi ta hagu na iso uku ta ƙasa da sifili, na ninka ta da kanta, sai ga tara ta sake fitowa. Na ɗauka kuskure na yi, na sake ninkawa. Tara ce dai. Ashe wuraren biyu ne. Na ja layi na biyu. Zanen ya fito gida uku, ɗaya a hagu yana hawa, ɗaya a dama yana hawa, na tsakiya ya kife kamar ƙwarya, ƙafafunsa sun zube ƙasa sun fice daga takardar. Baki huɗu a sake. Na ajiye fensir, na tura hannuwana ƙarƙashin cinyoyina na zauna a kansu har lokaci ya cika.

Ta karɓi na abokaina ta duba, ta zo kan tawa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗora yatsa a kan filin da na bari, ta tambaye ni da Hausarta mai karyayyen harshe, “Mene ne a nan?”

Na ce, “Babu komai, Malama.”

“Kin tabbata?”

“Na bi shi har ƙetaren kogi, ban samu bakinsa ba.”

Ba na jin ta gane wane kogi nake nufi, ba ta kuma tambaya ba. Ta buɗe jakarta ta fito da takardun shiga jarrabawa, guda uku, ta ajiye ɗaya a gabana, ta ce in rubuta cikakken sunana da manyan baƙaƙe, kada in yi sauri. Na rubuta shi baƙi bayan baƙi, tana riƙe mini gefen takardar. Na fito na tarar an buga ƙararrawar abinci. Tuwon dawa ne da miyar kuka mai ruwa-ruwa, wanda kullum muke yi wa tsiya muna turawa gefe. Na cinye nawa tas, na siɗe kwano, na dubi ta kusa da ni na tambaye ta ko za ta ci nata.